Makulli na rataye, mota na ƙofar gida

A fitowar da ta wuce mun tsaya a kan maganar rabon asusu, muka yi muku alkawarin labarin abin da ya sa mu huɗu daga ƙungiyarmu, mata masu ƴaƴa, ɗayarmu har da jikoki, muka shiga koyon tuƙin mota. To ga shi.

Damanar bara ce, wajen ƙarfe 2 na dare, naƙuda ta kama surukar ɗaya daga cikinmu, jini kuma ya ɓalle mata. Maigidan ya yi tafiya Damagaram, ɗan kuma yana ci-rani. Motar maigidan na nan a ƙofar gida, da mai a cikinta, makulli na rataye a ƙusa. Mu mata biyar muka taru a tsakar gidan, ba wadda ta san ko ina ake fara taɓawa. Aka buga wa wannan waya a kashe, aka buga wa wancan bai ɗauka ba. Kabu-kabu ba ya ɗaukar mace a wannan hali. Sai da muka fi awa ɗaya kafin wani maƙwabci ya taso ya kai ta gidan likita. Allah ya kiyaye, uwa da ɗiya suna nan lafiya. Amma ungozomar ta faɗa mana a fili cewa mun makara ƙwarai.

Ranar zubi, bayan an rufe akwati, shugabarmu ta ce: "Mu 25 ne a nan. Mun iya lissafin riba, mun iya bin bashi, mun iya kiwo. A ce makulli ɗaya ya gagare mu?" Ma'ajiyarmu ta ce ita dai bashin asusu na sana'a ne, tuƙi kuwa ba ya kawo riba ranar rabo. Aka ja maganar sati biyu. Abin da muka tsayar shi ne: wadda za ta koya ta ɗauki bashi kamar kowa, ta biya kamar kowa. Asusun taimako kuma ya ɗauke mata wani kaso, bisa sharaɗi ɗaya: in an buga mata ƙofa cikin dare, ta tashi. Kowace ta fara shawara da maigidanta. Biyu aka hana, huɗu aka bari.

Da muka je makarantar koyon tuƙi, tambayarmu ta farko ita ce me ya sa ba za a koya mana otomatik ba, wadda aka ce ba ta da wahala. Malamin, yaro ne sa'an ƴaƴanmu, ya ce: "Inna, ku dubi motocin da ke unguwarku da na tasha. Hilux ɗin da ke shiga ƙauye, Hiace ɗin da ke ɗaukar fasinja, tsofaffin Toyota na taksi, galibinsu na bitesin hannu ne. Wadda ta iya wannan, otomatik wasa ce a wurinta. Wadda ta iya otomatik kaɗai, in an ba ta wannan sai kallo." Muka tuna motar da ta gagare mu a daren nan, ita ma ta hannu ce. Magana ta ƙare.

A ƙarƙashin ƙafa abin takawa uku ne. Na hagu shi ne ambirayaji, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa kuloci. Na tsakiya birki. Na dama totur, wanda ake ba mota wuta da shi. Ƙafar hagu aikinta ɗaya ne tak, ambirayaji. Ƙafar dama ita ke yawo tsakanin birki da totur. Sandar bitesi, wato giya, tana hannun dama. A yawancin motoci 1 na sama ta hagu, 2 na ƙasanta, 3 na sama a tsakiya, 4 na ƙasanta, 5 na sama ta dama. Na baya ya danganta da mota, amma an zana shi a kan sandar da harafin R. In sandar na tsakiya tana lilo hagu da dama, mota ba ta cikin kowane bitesi ke nan.

Duk wahalar tana wurin ambirayaji, kuma da mun fahimci aikinsa tun ranar farko da mun rage jin kunya. Inji da zarar an tayar da shi juyawa yake, ba ya tsayawa. Tayoyi kuwa a tsaye suke. Tsakaninsu akwai wani faifai. In kin taka ambirayaji har ƙasa, faifan ya rabu da inji, inji na juyawa shi kaɗai. In kina ɗaga ƙafa, faifan na matsowa yana kama inji, yana kai ƙarfinsa ga tayoyi. In kin saki gaba ɗaya lokaci guda, nauyin mota ya faɗa wa inji, sai ta yi tsalle ta mutu. Babbarmu ce ta fara gane abin. Ta ce: "Ashe sauke tulu ne. Cikakken tulu ba a sakinsa daga ka, rakiyarsa ake har ya zauna." Tun daga ranar, in ɗayarmu ta yi gaggawa sai mu ce mata a raka tulu.

Ga yadda ake tashi. Ki gyara kujera yadda ƙafar hagu za ta kai ambirayaji ƙasa ba tare da kin miƙe gwiwa sarai ba. Ki gyara madubai, ki ɗaura ɗamarar kujera. Birkin hannu a ja, sanda a tsakiya, ki taka ambirayaji, ki tayar da inji. Ki sa bitesi 1. Sai ki riƙa ɗaga ƙafar hagu sannu-sannu, kina saurare. Akwai wurin da muryar inji za ta ɗan sauka, mota ta ɗan yi rawa kamar tana son tafiya. Nan ne wurin kamu. Ki tsayar da ƙafarki a nan, ki sauke birkin hannu, ki ba ta wuta kaɗan, in ta fara tafiya ki ƙarasa ɗaga ƙafar a hankali. Kwana uku na farko malamin bai bar mu mun taɓa totur ba. A fili mai shimfiɗe muka yi ta tashi da ambirayaji kaɗai, mu tsaya, mu sake, har ƙafa ta haddace wurin.

Kada mu ɓoye muku, ta mutu mana ba adadi. Ranar da muka fara fita titi, ta mutu wa ɗayarmu sau uku a mahaɗar hanya, ƴan kabu-kabu na ta oda, wani na cewa "Hajiya, a koma madafa!" Ta ce ita ta fasa, hannunta na rawa. Malamin ya ce: "Hajiya, duk wanda ke miki oda haka ta yi masa. Taka birki, taka ambirayaji, mayar da sanda tsakiya, tayar." Ta tayar, ta wuce. Ku riƙe wannan jeri, shi ne maganin ruɗewa.

Canjin bitesi da kunne ake yinsa. Bitesi 1 na tashi ne kawai, da mota ta ɗan motsa sai 2. In inji ya ɗaga murya kamar yana kuka, yana neman na gaba. In mota na kakkarwa tana nauyi, bitesin ya yi mata girma, a sauko. Kowane canji: ɗaga ƙafa daga totur, taka ambirayaji har ƙasa, canza, saki a hankali. Ido na kan hanya, ba a kallon sanda. Wajen tsayawa birki ake farawa da shi, in gudu ya ragu sosai a taka ambirayaji kafin ta fara kakkarwa. Bitesin baya kuwa ba a sa shi sai mota ta tsaya cak.

Yanzu ga abin da ya shafi aljihu, tunda mu masu lissafi ne. Faifan nan cinyewa yake kamar takalmi, kuma canza shi aiki ne babba, don sai makanike ya sauke akwatin bitesi kafin ya kai gare shi. Abin da ya fi kashe shi shi ne ɗora ƙafa a kan ambirayaji ana cikin tafiya. Ko ba ki danna ba, nauyin ƙafar na iya sa faifan ya riƙa zamewa yana zafi. Kin gama canji, sauke ƙafarki gefe. In za a daɗe a tsaye, ki mayar da sanda tsakiya ki huta. In kin tsaya a hawa, kada ki riƙe mota da rabin ambirayaji, ki ja birkin hannu, ki nemo wurin kamu, sannan ki sauke shi. In kin ji ƙauri, ko inji na ƙara amma mota ba ta ƙara gudu, faifan ya fara gajiya, a kai garaji tun abin bai girma ba.

Akwai kuma wata dabara da za ku ji a bakin wasu direbobi, wai a mayar da sanda tsakiya a gangara don a rage shan mai. Kada ku ɗauka. In mota na cikin bitesi, inji na taimaka wa birki wajen riƙe ta. In an cire, birki kaɗai ke ɗauke da nauyin, ya yi zafi, ya rage kamu. Ɗan man da aka ce an rage bai kai ran mutum ba.

Hanyoyinmu ba duka ne kwalta ba. In kin bar babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Dosso, Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, ko ma cikin lungunan unguwa, rairayi ne. A rairayi bitesi 2 ne abokinki, da wuta daidai wa daida, ba tsayawa, ba canji a tsakiya. In ta kafe kada ki yi ta ba ta wuta, ƙara nutsewa za ta yi, faifai kuma ya ƙone. A fito a tone gaban tayoyi, a sa itace ko tsohuwar tabarma. Da damana, in korama na gudu a kan hanya, a jira ta sauka. Motar hannu na da wani alheri kuma: in batir ya yi sanyi, a yawancinsu ana iya murɗa makulli, a sa bitesi 2, a taka ambirayaji, a tura, in ta ɗauki gudu a saki ƙafa ta tashi.

Ga wasu abubuwa da malamin bai sani ba, mu muka gano da kanmu. Silifa na zamewa, yana iya maƙalewa ƙarƙashin birki, don haka kowace ta ajiye takalmi mai rufi marar tsini. Zane in ya matse ba ya barin ƙafa ta yi aiki, in ya yi ja kuma yana naɗewa. A ɗaura shi da sauƙi, a tattare bakinsa. Dogon hijabi a tattara shi a cinya kada ya rufe sandar bitesi, a gyara bakinsa yadda in kin waiga za ki ga gefe. Goyo kuma a sauke shi, wata ta riƙe a kujerar baya.

Kada kowa ya ce miki tunda kin iya a fili shi ke nan. Sai da permi. Na ƙananan motoci shi ne permi B, ana yinsa daga shekara 18, da jarrabawar dokokin hanya, wadda ake ce wa kod, da ta tuƙi. Wadda ba ta yi lakwal ba kada ta karaya, alamun hanya zane ne da launi. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne. Da'ira mai jan baki hani ce. Da'ira shuɗiya umarni ce. Ja mai kusurwa takwas, tsayawa cak. Kafin ku biya, ku zagaya makaranta biyu ko uku, ku tambayi ko ana bayani da Hausa, awa nawa za ku riƙe sitiyari da hannunku, da abin da kuɗin ya ƙunsa. Ku karɓi takardar shaidar biya. In za ki ɗauki motar wani, ki tabbata takardunta da na inshora suna ciki, don jandarma ke zai tambaya, ba mai motar ba.

Mu uku muka samu a karon farko. Ta huɗu ta faɗi wajen shiga tsakanin motoci da baya, ta sake, ta samu. Bashin duk an biya kafin rabo. Lambobin wayarmu huɗu suna rubuce a bangon littafin asusu, kuma masu mota biyu a unguwa sun yarda a ɗauki makullinsu in lalura ta taso. Daga lokacin zuwa yau an buga mana ƙofa sau biyu cikin dare, ɗaya haihuwa, ɗaya yaro mai zazzaɓi da suma. Duk an kai su da wuri. Ma'ajiyarmu da ta ce tuƙi ba ya kawo riba, ita ce ta riƙe yaron a kujerar baya.

Lokacin da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ba kowa ya yarda mata za su iya riƙe akwatin kuɗi da kansu ba. Yau ba mai wannan musu. To a zubi mai zuwa, bayan an rufe akwati, ku tambayi juna: in abu ya taso yau da dare, wace ce cikinmu za ta ɗauki makulli? In ba kowa, ku fara da mutum biyu. Ƙungiyar da ta riga mu yin haka, a Tawa ko Yamai ko wani gari, ta aiko mana da yadda ta tsara nata, mu buga don kowa ya ƙaru.

Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. A gaida mutanen gida.