A Fara Da Hanyar Ruwa

Jama'ar Birnin Kudu da Gwaram, ga wata magana da ta shafe mu duka. Kowace shekara Ƙaramar Hukuma takan zauna ta yi kasafin kuɗi, kowace unguwa kuma takan kai kukanta. Waɗansu suna son fitilun titi, waɗansu kantuna, waɗansu filin gini. Dukansu abin so ne, amma kuɗi ba zai isa a yi su gaba ɗaya ba. Tilas a san abin da za a sa gaba. A ganina, abin da ya kamata a fara da shi shi ne hanyar ruwa, watau lambatu, da kwalbati, da gada, da kududdufi. Gama lafiyarmu, da gidajenmu, da cinikinmu duk a kanta suka rataya.

Bari mu duba yadda ƙasarmu take. Birnin Kudu gari ne na duwatsu. Su ne ma suka fitar da sunan garin, saboda zanen mutanen dā da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Amma dutse ba ya shan ruwa. Abin da ya sauka a kansa gangarowa yake yi da gudu. Kudancin Jigawa kuma ya fi arewacinta samun ruwan sama. A dā mutane kaɗan ne, fili da yawa, ruwa yana da inda zai bi. A ƙidayar 2006 an sami sama da mutum 300,000 a Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, a Gwaram kuwa sama da 270,000. Yau an fi haka nesa. Gidaje sun ƙaru, ruwa kuwa bai ragu ba.

Tsaron rai

Ba mu manta da abin da ya faru a Radabi, ƙasar Gwaram, cikin watan Agusta, a damina mai ƙarfi ta 2021 ba. Ruwa ya karya gada, matafiya suka faɗa ciki, mutum 21 suka rasu. A shekarar nan kuma cutar amai da gudawa ta yi ɓarna ƙwarai a Jigawa da Bauci da Kano. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Gina babbar gada ya fi ƙarfin Ƙaramar Hukuma. Amma duba gadoji da kwalbatoci kafin damina bai fi ƙarfinta ba. Haka kuma a shirya tun da wuri, kowace gada a san dagaci ko mai unguwar da zai sa ido a kanta. In ruwa ya ci gefenta, a datse hanya nan take, a aika wa shugabannin tasha. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa.

Amai da gudawa ma maganar ruwa ce. Sa'ad da ruwa ya kwanta a unguwa, yakan cika masai, ya kwashi ƙazanta ya kai rijiya. Domin haka ne ma'aikatan lafiya suke cewa a bar tsakanin masai da rijiya kamar mita 30, a kuma ɗaga bakin rijiya da siminti. A ba duba-gari ƙarfin aikinsa, ya riƙa zagayawa tun ana haƙa rami.

Wani zai ce, "To, ɓarayi fa? Ashe ba su ne maganar tsaro ba?" Gaskiya ne, ba wanda zai yi barci da ɓarawo a bayan katanga. 'Yan sanda na Gwamnatin Tarayya ne, amma ya dace Ƙaramar Hukuma ta taimaki 'yan sintiri da fitila da ɗan abin hannu. Sai dai mu tuna, ɓarawo yakan ɗauki akuya ya bar gida. Ruwa kuwa yakan tafi da gida, da rumbu, da akuyar duka. Ban da haka, unguwar da aka bar wa titi mai faɗi da lambatu, ita ce motar sintiri da motar kashe gobara suke iya shiga.

Gidaje

Yawancin mutanenmu a ginin ƙasa suke zaune, ginin ƙasa kuwa ba abin kunya ba ne. Yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu, talaka yana iya yinsa. Abokin gabansa ɗaya ne, ruwa a gindin bango. In ruwa ya kwana biyu ko uku a nan, ƙasa takan jiƙe ta yi laushi, nauyin azara da rufi ya danne ta, sai bango ya zauna. Sau da yawa da dare abin yake faruwa, mutane suna barci.

Magina na dā sun san wannan. Inda suka haƙi ƙasar gini, nan ya zama kududdufi, ruwan unguwa ya taru a ciki. Yanzu a garuruwanmu da yawa ana cike kududdufi da shara, a yanka shi fuloti, a sayar. Wanda ya saya yana murna ya sami fili a tsakiyar gari da araha. Ruwa kuwa bai san an sayar ba. In ya zo bai sami wurinsa ba, sai ya shiga ɗakin mai fulotin da na maƙwabtansa.

Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun Gwamna, na karkara kuwa Ƙaramar Hukuma take ba da izinin zama a kansu. Saboda haka hukuma tana da iko a nan. Ga abin da nake roƙo. Kafin a yanka sabuwar unguwa, safiyo ya zagaya da dattawan wurin cikin watan Agusta, su nuna masa inda ruwa yake bi, a kafa alama, a hana gini a nan. A rubuta kududdufan da suka rage, a hana sayar da su ko ga wane ne. Mai sabon gini kuma a ba shi shawara ya ɗaga harsashi da dutse, tun da dutse ba ya wuya a ƙasarmu, ya sa indararo mai tsawo wanda zai zubar da ruwa nesa da bango. Tun ran gini ran zane.

Kasuwa

Garinmu yana kan hanyar da ta fito daga Kano ta Wudil, ta wuce Babaldu zuwa Ningi da Bauci. Ga kasuwar Sara a ƙasar Gwaram. Riɗi, da gyaɗa, da dawa, da shinkafa, da dabbobi duk suna neman hanyar fita. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mota ya hau. In kwalbati ɗaya ta karye a hanyar ƙauye, direba zai yi zagaye, ya ƙara kuɗi, ko kuwa ya ƙi zuwa sam. Sa'an nan manomi ya sayar wa ɗan baranda a bakin gona, a kan farashin da aka ga dama.

A cikin kasuwa ma haka ne. In rumfuna suka cika da taɓo, masu talla sukan fito bakin kwalta, inda manyan motoci suke wucewa, yara suna gilmawa da faranti a ka. Buhun hatsin da ya sha danshi kuwa ya tashi daga kaya. Kafin a gina sababbin kantuna masu kyan gani, a fara cike ƙasar kasuwa da tsakuwa, a ja mata lambatu, a ɗaga daɓen ɗakunan ajiya.

Aikin wane ne?

Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ayyukan Ƙaramar Hukuma. A ciki akwai kasuwa, da tasha, da mahauta, da titunan gari, da lambatu, da kwashe shara. Ran 11 ga Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Saboda haka muna da hakkin tambaya. Ya kamata Ciyaman da kansiloli su manna takarda a sakatariya da bakin kasuwa, mai nuna abin da ya shigo da abin da aka kashe. Kuɗin da ake karɓa a kasuwa da tasha a ba da rasit, a kuma ware wani kashi ya koma gyaran wurin. In ɗan kasuwa ya ga kuɗinsa ya zama kwalbati, ba sai an bi shi da sanda ba.

Namu rabon

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukuma za ta iya gina lambatu, amma mu ne muke cika shi da leda da toka. Kowace unguwa ta sa ranar aikin gayya cikin watan Afrilu ko Mayu, matasa su yashe lambatu, hukuma ta kawo tifa ta kwashe abin da aka fitar, kada a bar shi a gefe ruwan fari ya mayar da shi. Kada wani ya ce ba za mu iya ba. A watan Oktoba 2022 Jigawa ta zama jiha ta fari a Nijeriya da aka tabbatar ta bar yin bayan gida a fili. Gida gida aka bi, da masu unguwa da dagatai, har aka kai ga haka.

Ya kai mai karatu, in kansilanka ya zo, tambaye shi kwalbati nawa aka duba a mazaɓarku bana, kududdufi nawa suka rage, nawa aka ware domin lambatu. Ka yi tambayar nan da rani, tun ƙasa tana bushe, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka.