FILIN MATA: Zazzaɓin Lassa, Kada A Jira Sai An Ga Jini

Da zarar kaka ta wuce an kai hatsi rumbu, sai ɓeraye su baro daji su biyo shi cikin gida. To, wannan shi ne lokacin zazzaɓin Lassa, watau daga wajen Disamba zuwa Afrilu. Ɓeran da ke ɗauke da cutar shi ne mai nonuwa da yawa a ciki, kuma ta fitsarinsa da kashinsa ta ke shiga abincinmu.

Cutar nan ba baƙuwa ba ce. Sunan garin Lassa na ƙasar Barno ta ci, domin can aka fara gane ta a 1969, sa'ad da ta kama wata ma'aikaciyar jiyya ta mishan. Aka kawo ta asibitin Jankwano a Jos, ta rasu, wadda ta yi jiyyarta ita ma ta bi ta. A 1970 kuma cutar ta kashe likitar asibitin, Dokta Jeanette Troup, bayan ta yanke a hannu wajen binciken gawa.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mata. Sai ki ji an ce, "Ai tun da bai yi haɓo ba, bai yi aman jini ba, ba ita ba ce." Maganar nan ta ci rayuka. Mafi yawan waɗanda cutar ta kwantar a asibiti ba su zubar da jini ko kaɗan, kuma waɗanda suka zubar, sai ciwo ya yi nisa ya ke bayyana.

Bari mu fara da yadda jini ke tsayawa ga mai lafiya. In wuƙa ta yanke ki wajen yanka kuɓewa, nan da nan jijiyar wurin za ta tsuke. Sa'an nan waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ke yawo cikin jini, mu kira su 'yan toshiya, su ruga su manne a bakin raunin. Daga baya waɗansu sinadarai da hanta ke yi su saƙa zare kamar yanar gizo a kansu, jini ya daskare, ya zama ɓawo. Duk wannan cikin 'yan mintoci, ke ko ba ki san ana yi ba.

Ƙwayar Lassa ɓarna biyu ta ke yi a nan. Ta fari, ta kan sangartar da 'yan toshiyan nan. Suna nan cikin jini, wani lokaci yawansu bai ma ragu sosai ba, amma ba su mannewa yadda ya kamata. Shi ya sa dasashi kan yi jini, ko hanci, ko wurin da aka yi allura ya yi ta tsattsafowa, ko a ga jini cikin fitsari da bayan gida.

Ɓarna ta biyu ita ce babba, ita kuwa ido ba ya ganinta. Kun san sabon tulu, yadda ruwa ke tsattsafowa ta jikinsa alhali ba inda ya fashe. Haka ƙananan jijiyoyin jini ke zama. Ruwan da ke cikin jini ya dinga silalewa yana taruwa inda ba wurinsa ba: fuska da wuya su kumbura, ƙirji ya tara ruwa, numfashi ya yi wuya. Jinin da ya rage cikin jijiya ya kasa isa ko'ina. Zuciya ta yi ta bugawa da sauri don ta cike gurbi, tafin hannu da ƙafa su yi sanyi, hankali ya fara gushewa, ƙoda ta rasa rabonta, fitsari ya ragu ko ya ɗauke. Wannan shi ke kisa, galibi cikin kwana 14 da fara ciwo, ko da ɗigon jini ɗaya bai fita ba.

'Yar'uwarta Ebola, wadda ta kashe mutum fiye da 11,000 a Gini da Saliyo da Laberiya tsakanin 2014 da 2016, har ta leƙo Ikko, tana da wani hali na dabam. Ita sa jini ta ke yi ya yi ta daskarewa ƙanana-ƙanana cikin jijiyoyi, ba gaira ba dalili, har kayan aikin su ƙare. Kamar magini ne da ya ƙarar da ƙasarsa yana yaɓe bango mai lafiya, da katanga ta tsage da gaske sai ya duba babu ko curi ɗaya. Amma ko ita ɗin, cikin waɗanda ta kama a wancan karo, masu zubar da jini ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Kada dai hankalinku ya tashi. Cikin mutum 100 da Lassa ta shiga jikinsu, wajen 80 ba su jin kome, ko kuwa ɗan zazzaɓi ne ya wuce. Sauran ne abin tsoro, kuma da fari ba a bambanta ciwonsu da zazzaɓin cizon sauro ko taifod. Saboda haka, in an sha maganin zazzaɓi kwana biyu zuwa uku jiki bai sauka ba, balle in da ciwon maƙogwaro mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko amai da zawo, a tafi asibiti a ce a gwada jini. Mai jiyya ta lura da fitsarin majiyyaci, ta gaya wa likita in ya ragu. A can za a yi masa ƙarin ruwa da awo, a kula da ƙoda. Akwai kuma magani da a ke ba su, ribabirin, wanda likitoci suka fi son a fara shi cikin kwana shida na fari. Allurar rigakafi kuwa, har yanzu ba a sami wadda aka amince da ita ba.

Akwai abubuwan da mu kan yi da kyakkyawar niyya, su kuwa ƙara ɓarna su ke yi. Asfirin, da ibufurofen, da daikulofenak, duk suna ƙara raunana 'yan toshiya, suna kuma wahalar da ƙoda. In za a ba da abin sauke zafi kafin a kai asibiti, farasitamol kaɗai. Kada a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga ko sakiya. Jinin ba zai tsaya da wuri ba, ga shi kuma cike da cuta, zai kama wanzamin da mai riƙe ƙwarya. Haka nan allurar kemis. A dai yi ta ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan a kan hanya.

Mai ciki kuwa, ita ba a jira da ita ko kwana ɗaya. In cutar ta kama mace a watanni uku na ƙarshe, fiye da 80 cikin 100 a kan rasa ɗan, ko uwar, ko duka biyu. Zazzaɓi da zubar jini ga mai ciki a wannan lokaci, kada a ce ɓari ne kurum a bar wa ungozoma a ɗaki.

Wadda ke jiyya ta sa safar hannu, in babu ta ɗaura leda, kafin ta taɓa amai ko jini ko zanen kwanciya, ta wanke hannu da sabulu bayan haka. In rai ya yi halinsa, a bar wanka da sutura a hannun ma'aikatan lafiya. Wanda ya taɓa majiyyacin ya lura da jikinsa har kwana 21. Hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Nijeriya tana da lambar waya, 6232, kuma kiran kyauta ne.