Murhun Kawu da Ƙofar Illela

A watan Agustan 2023 na zo hutu Birnin Ƙonni, na tarar da hanyar da ta nufi Illela ta Najeriya cike da manyan motoci a jere, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a inuwar motocinsu suna dafa shayi. An rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, Najeriya ta yanke wutar lantarki, gari ya yi tsit kamar ba Ƙonnin da na sani ba. Kawuna yana zaune a rumfarsa yana jan carbi, jarkokin mai a kife, teburin canji ya yi ƙura. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ya kasuwa?" Ya nuna kudu da haɓa ya ce, "Ɗana, kasuwa tana can bayan shinge."

Tun ina yaro nake jin Kawu yana cewa tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya, shi ya sa ya kafa wa murhunsa duwatsu uku. Yana sayo fetur daga tsallaken iyaka yana raba wa ƴan ruwa-ruwa masu sayar da shi a bakin hanya. Yana canjin naira da sefa. Idan kakar albasa ta zo, yakan sauka Galmi ya sayi buhuna ya zuba a rudu, ya jira ta yi tsada. A ganinsa, in ɗaya ta ƙi, biyu za su riƙe gida. A shekarar nan duwatsun uku suka zame tare. Tun ranar 29 ga Mayu da aka cire tallafin mai a Najeriya farashi ya ninka kusan sau uku, ribar fetur ta tafi. A watan Yuni aka saki naira, damin da ke hannunsa ya fara narkewa: dalar da ake sayarwa kimanin naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. Albasa kuwa tana rudu tana tsiro tana ruɓewa, ga iyakar Najeriya a rufe, ga ta Benin a rufe. Sana'o'in uku ne a ido, amma ƙofa ɗaya suke bi.

Ba wai ba a yi masa gargaɗi ba. A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, kuma Illela na cikin huɗun farko da aka buɗe. Kawu ya ɗauki wannan a matsayin guguwar da ta wuce, ya kakkaɓe riga ya koma yadda yake.

Wadda ta ciyar da gidan a waɗannan watanni ita ce Inna, matarsa, wadda bai taɓa lissafa ta cikin ƴan kasuwa ba. Tana da awaki a bayan gida, da gero a rumbu tun na bara, tana zubin adashi duk mako, tana soya ƙuli-ƙuli yara na kai wa tasha. Babu ɗaya cikinsu da ke buƙatar takardar duwan. Da buƙata ta matsa sai ta sayar da bunsuru biyu, da kwasarta ta adashi ta zo ta sayi littattafan yara. Dabarar manoman kwarin Maggiya ce ta gada: a shuka gero da wake a gona guda, a yi noman tudu a kuma riƙe ɗan fegi a fadama, domin shekarar da ruwa ya ƙi, kamar 1984, ba komai ne zai ƙone tare ba.

Na yi wa Kawu dariya a zuci a lokacin, ina ganin ni ɗan boko na fi shi wayo. Ai ni kuɗina suna cikin asusun zuba jari na haɗaka, wanda takardun banki ke kira FCP. Tsarinsa ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya san adashi: mutane da yawa su tara kuɗi, kamfani mai lasisi ya juya su, ya sayi hannayen jari ko takardun bashin gwamnati, wani banki daban ya riƙe ajiyar, kowa yana da kasonsa gwargwadon abin da ya zuba. Bambancinsa da adashi shi ne ba a yi maka alkawarin abin da za ka kwasa. Darajar kasonka tana hawa tana sauka. A farkon 2022 na shiga har asusu uku, a kamfanoni uku, bayan na ji cewa ma'aunin kasuwar BRVM ta Abidjan ya tashi da kusan kashi 40 cikin ɗari a 2021. Abin da ban tsaya na tambaya ba shi ne shekarun da suka gabata: daga 2016 zuwa 2020 ma'aunin ya yi shekara biyar a jere yana faɗuwa, har ya rasa kusan rabin darajarsa.

A daren da na baro rumfar Kawu na ɗauko takardun da ake aiko mini, waɗanda ban taɓa wuce shafin farkonsu ba, na haska da fitilar waya. Asusu biyu cike suke da takardun bashin gwamnatocin UEMOA, ƙungiyar ƙasashenmu masu sefa, kusan iri ɗaya a duka biyun, har da na Nijar. Na ukun, wanda ake kira gauraye, rabinsa takardun nan ne dai, sauran kuma hannayen jarin kamfanin sadarwa na Sonatel da na bankuna, su ma bankunan da takardun gwamnati suke cika rumbunsu. A lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulki ya hana Nijar shiga kasuwar kuɗi ta yankin, babban bankin BCEAO ya riƙe asusun gwamnati, biyan bashi ya tsaya. Ni kuma albashina daga baitulmalin nan yake fitowa, ga layi a bakin banki, ana ƙayyade abin da mutum zai cira. Sai na ga ashe murhuna irin na Kawu ne, takarda kawai na naɗe shi da ita.

Allah ya taƙaita. An ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024, an buɗe ƙofar Illela a watan Maris, a Afrilu Nijar ta koma kasuwa ta fara biyan abin da ya taru. Ban yi asarar da za a yi kuka ba, amma na daina ƙirga asusu da sunan kamfani. Yanzu kafin in zuba ko jika ɗaya sai na nemi jerin abin da ke cikin asusun, in ajiye shi kusa da na wanda nake da shi. In manyan kayansu guda ne, to sayen na biyun ƙarin la'ada ne kawai. Sai in duba daga ina abincina ke fitowa. Ma'aikacin gwamnati bai kamata ya jibge ajiyarsa a bashin gwamnatin da ke biyansa ba, kamar yadda manomin albasa a Galmi bai kamata ya mayar da duk ribarsa rudu ba, ko ma'aikacin kamfanin siminti na Malbaza ya sa komai a harkar gini.

La'ada kuma ɓera ce a rumbu, ba a jin motsinta. Akwai ta shiga, akwai ta kulawa duk shekara, wasu har ta fita. Kashi 2 cikin ɗari a kan sefa miliyan ɗaya jika ashirin ne duk shekara, an ci riba ko ba a ci ba. Lasisi ma abin tambaya ne: a ƙasashen UEMOA takwas hukumar AMF-UMOA ce ke ba da shi, wadda a da ake kira CREPMF, a Najeriya kuma SEC. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, ka tuna MMM da ta daskarar da kuɗin mutane a Disamban 2016, ka kuma tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mu mutanen iyaka muna da wata tambayar da ɗan Yamai ba ya yawan yi: da wane kuɗi? Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957 tun 1999, shi ya sa muke ganinta kamar dutse. Amma dattawan kasuwar Ƙonni ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka wayi gari faran ɗin Faransa ɗaya ya koma sefa 100 maimakon 50. Asusun naira yana iya nuna riba mai faranta rai, in ka juya ta sefa ka ga uwar kuɗin ma ta rame. Wanda cefanensa da kuɗin makarantar ƴaƴansa na sefa ne, mafi yawan ajiyarsa ta zauna a sefa.

Da na koma gida da babbar sallah ta 2024 na kwashe labarin nan na gaya wa Kawu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ɗana, wanga abu halas ne?" Na gaya masa gaskiya: takardun bashi kuɗin ruwa suke bayarwa, kuma cikin kamfanonin BRVM akwai Solibra mai giya da SITAB mai taba, don haka asusun da ya kwaso kowa zai iya kwaso su. Akwai sukuk, wanda Senegal ta fara fitarwa a yankinmu a 2014, gwamnatin Najeriya a 2017, akwai kuma asusun da ke tace haram. Na ce wannan hukuncin na malamai ne, amma ba za su iya yanke shi ba sai an kai musu jerin abin da ke ciki.

Ni dai na rufe asusu biyu. Na ware kuɗin cefanen wata shida inda hannuna zai kai ko banki ya yi layi, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da ba zan buƙata ba nan da shekara biyar ko fiye shi na bari a hannayen jari, ina ƙara kaɗan duk ƙarshen wata, kasuwa ta hau ko ta sauka. Sauran na ba Inna ta sayo mini tumaki biyu.

Kawu ya rage jarkoki. Ya karɓi ɗan fegi a filin noman rani na Ƙonni, wanda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, yana noman abin da za a ci a gari ko an buɗe iyaka ko an rufe. Ranar da zan tafi wani yaro ya zo masa da tallan wata sabuwar harka mai riba, yana ta zuba. Kawu ya bar shi ya gama, ya ce, "Na ji, yaro. In an rufe Illela gobe, tana ci gaba da haihuwa?" Yaron ya tsaya yana sosa ƙeya, Inna kuma tana can ciki tana kiran a zo a kama mata akuyar da ta kwance.