SHARHI: Daga Gombe zuwa zauren zaɓen sabbin 'yan wasa, a ina tsanin ya karye?

A ƙarshen watan Yunin kowace shekara, manyan gasannin ƙwararru biyu na Amurka da Kanada kan zauna su raba wa ƙungiyoyinsu matasan 'yan wasa. Gasar ƙwallon kwando ta NBA mai ƙungiyoyi 30 tana yin zagaye biyu, inda galibi ake ɗaukar matasa 60. Gasar NHL ta ƙwallon gora a kan ƙanƙara kuwa, mai ƙungiyoyi 32, zagaye bakwai take yi, wato gurbi 224. A duka biyun, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta gabata su ake bai wa damar fara zaɓe, bayan an jefa ƙuri'a a tsakaninsu, domin kada ƙarfi ya taru a hannu ɗaya.

Cikin sunayen da aka fi ambata a zaɓen 2026 akwai AJ Dybantsa na Jami'ar BYU a ɓangaren ƙwallon kwando, da Gavin McKenna a ɓangaren ƙwallon gora. Labarin McKenna ne ya fi dacewa da mai kallo daga Gombe. An haife shi a 2007 a Whitehorse, wani ƙaramin gari a yankin Yukon da ke can ƙuryar arewacin Kanada, nesa da duk wata babbar ƙungiya. Duk da haka, yana da shekara 14 ƙungiyar Medicine Hat Tigers ta ɗauke shi a matsayin na farko a zaɓen gasar matasa ta yammacin ƙasar. A kakar 2024 zuwa 2025 ya tara maki 129 a wasa 56, sannan ya wuce Jami'ar Penn State ta Amurka. Nisan garinsu bai ɓoye shi ba, saboda tun yana yaro ana rubuta duk abin da ya yi a fili, ana ajiyewa.

Babu ƙanƙara a Gombe, kuma ba wanda zai ce a gina filin ƙwallon gora a Pantami. Amma batun bai yi wa Arewa nisan da ake zato ba. Ɗan wasa na farko haifaffen Najeriya da ya buga gasar NHL, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi a 1975. Ya tashi a Kanada, kuma ƙungiyar Buffalo Sabres ta ɗauke shi a gurbi na 69 a zaɓen 1994. Da a Zariya ya girma, da wuya ya taɓa taka ƙanƙara. Abin da misalinsa ke nunawa shi ne, baiwa takan bi hanyar da aka share mata. Don haka tambayar da ta shafi Gombe ita ce ta wasan da ake da shi a ƙasa, wato ƙwallon kwando: me ya sa yaron da ya tashi a Gombe, ko Billiri, ko Kaltungo, ba shi da hanyar da za ta kai sunansa gaban masu zaɓe?

Zaɓen rana ɗaya, tattalin shekaru

Abin da ake gani a talabijin, matashi ya hau dandamali an sa masa hular sabuwar ƙungiyarsa, shi ne matakin ƙarshe na aikin da ya ɗauki shekaru. Tun 1975 NHL ke da ofishin da aikinsa kawai shi ne bibiyar matasa da fitar da jerin sunayensu bisa cancanta, sau ɗaya a tsakiyar kaka, sau ɗaya a ƙarshe. NBA kan tara fitattun matasa a Chicago kafin zaɓe, a auna tsayinsu da faɗin hannuwansu da tsallensu, likitoci su duba su, shugabannin ƙungiyoyi su yi musu tambayoyi. Ga kuma ƙa'idar shekaru: a NBA sai wanda zai cika 19 a shekarar zaɓen, a NHL kuma sai wanda ya cika 18 zuwa ranar 15 ga Satumba.

Dalilin wannan bin diddigi shi ne kuɗi. Wanda aka fara ɗauka a NBA a 2025, Cooper Flagg, albashinsa na shekarar farko ya haura dala miliyan 13. Ƙungiyar da za ta zuba irin wannan dukiya a kan matashi ba ta sayen kifi a ruwa. Abu uku take nema: tabbatacciyar ranar haihuwa, alƙaluman wasannin da ya buga a gasa mai tsari, da hoton bidiyon da za a kalla a maimaita. Yaron da ba shi da waɗannan, ko da tsayinsa ya kai ƙofar gari, a wurinsu tamkar babu shi ne.

Tarihin 'yan Najeriya a zaɓen NBA ya tabbatar da haka. Hakeem Olajuwon, wanda aka fara ɗauka a 1984 a gaban Michael Jordan, daga Legas ya fito, amma a Jami'ar Houston aka san shi. Michael Olowokandi, na farko a 1998, ta Ingila da wata jami'ar Amurka ya bi. A 2020 an ɗauki aƙalla matasa takwas masu asali da Najeriya, har aka yi ta murna a gida. Sai dai biyu ne kawai daga cikinsu aka haifa a nan, Precious Achiuwa da Udoka Azubuike, kuma dukansu sun bar ƙasar suna yara, makarantun Amurka ne suka raine su. Najeriya ce ta haifa, wasu suka yi tattali, su ne kuma suka ci moriya.

Lokacin da Gombe ta kai wasan ƙarshe

Ba a rasa tushe a Gombe ba. A 2017 ƙungiyar Gombe Bulls ta kai wasan ƙarshe na gasar firimiyar ƙwallon kwando ta maza, inda Kano Pillars ta doke ta. A watan Disambar shekarar ƙungiyoyin biyu, dukansu daga Arewa, suka wakilci Najeriya a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Tunisiya. Ga jihar da aka ƙirƙiro a 1996, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a lokacin ne ya kamata a ɗora tubalin ƙungiyoyin 'yan ƙasa da shekara 15 da 17 a bayan babbar ƙungiyar.

Amma a shekarar ce hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF, ta dare gida biyu. An yi zaɓe a Kano wanda ya bai wa Tijjani Umar shugabanci, aka yi wani a Abuja wanda ya bai wa Musa Kida. Rikicin ya shiga kotu, gasar maza ta shiga halin yau a buga gobe a fasa. A Janairun 2022 aka maimaita: zaɓe a Benin ya dawo da Kida, wani a Abuja ya fito da Igoche Mark. A watan Mayun shekarar Gwamnatin Tarayya ta janye Najeriya daga wasannin duniya na shekara biyu. Ta janye matakin bayan 'yan makonni, amma kafin nan tawagar mata ta D'Tigress ta rasa gurbinta a gasar cin kofin duniya, aka bai wa Mali.

An fi yin maganar asarar D'Tigress saboda ita ce ta fito fili. Asarar da ba a gani ita ce ta yaron da ke da shekara 14 a Gombe a 2017. Shekarun da masu farautar 'yan wasa suka fi sa ido a kansu, daga 15 zuwa 19, sun wuce masa a lokacin da shugabanni ke zarya tsakanin kotu da ma'aikata. Yau ya haura 22, shekarar da NBA ke rufe lissafin ɗan wasan waje a zaɓenta. Kakar da aka rasa ana iya sake tsara ta, amma ƙuruciyar ɗan wasa ba ta dawowa.

Cikin wannan tsakanin, wasu suka cike gurbin. NBA ta buɗe makarantar horar da matasan Afirka a Saly ta ƙasar Senegal, kuma a 2021 aka fara gasar BAL ta ƙungiyoyin nahiyar a Kigali. A 2024 aka ɗauki Ulrich Chomche na Kamaru kai tsaye daga makarantar Saly. A 2025 aka ɗauki Khaman Maluach, ɗan Sudan ta Kudu da ya tashi a Uganda, a gurbi na 10, shi ma ta Saly ya bi. Ma'ana, hanyar zuwa NBA daga cikin Afirka ta samu. Ƙofarta ce ƙunƙuntar, kuma wanda ba a gan shi a gasar gida ba, ba a gayyatarsa.

Matsalar takardar haihuwa

Akwai cikas na biyu wanda bai shafi filin wasa ba. A 2016, gwajin na'urar MRI ya fitar da 'yan wasa 26 daga sansanin Golden Eaglets gab da wasan neman gurbi da Nijar, Najeriya kuma ta rasa gurbin. Abin ya faru ne a ƙwallon ƙafa, amma tabon ya shafi kowane matashin ɗan wasa mai fasfon Najeriya. Mai zaɓen da ke shakkar shekarun yaro yakan rage masa daraja tun kafin ya ga wasansa, domin ɗan shekara 21 da ke buga wasa da 'yan 17 dole ya yi fice, ba don ya fi su baiwa ba.

Maganin wannan yana hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa mai rajistar haihuwa da hukumar NIMC mai bayar da lambar NIN. Idan aka wajabta cewa duk yaron da zai shiga gasar makarantu ko Gasar Wasannin Matasa ta Ƙasa sai an yi masa rajista tun yana da shekara 12 ko 13, ranar haihuwar da aka rubuta ta bi shi har ƙarshen wasansa, to an toshe ƙofar rage shekaru a lokacin da babu wanda ke da wata riba a yin ƙarya. Haka nan takardun karatu: jami'o'in Amurka, waɗanda su ne babbar hanyar shiga NBA, suna duba sakamakon sakandare kafin su bai wa ɗan wasa gurbi. Yaron da ya bar aji saboda ƙwallo ya rufe wa kansa ƙofar da ƙwallon za ta buɗe masa.

Abin da bai kamata a kwaikwaya ba

Za a iya cewa, to me zai hana a ƙirƙiro irin wannan zaɓe a gasannin Najeriya? Tsarin ba zai zauna ba. NBA da NHL rufaffun gasanni ne, ba a faɗuwa ba a hawa, kuma zaɓen ya ginu ne a kan yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa wadda ta ƙayyade albashin sabon shiga. A Najeriya kuwa akasarin ƙungiyoyi na gwamnatocin jihohi ne, kuma wadda ta zo ƙarshe faɗuwa take yi, kamar yadda Gombe United da Doma United suka faɗo tare daga firimiyar ƙwallon ƙafa a 2024. Tilasta wa matashi zuwa ƙungiyar da ba ta da tabbacin albashi zalunci ne, ko da an yi masa ado da sunan gyara.

Akwai kuma masu cewa gurbi 60 a shekara ga duniya baki ɗaya bai kai a kashe kuɗin jama'a a kansa ba, musamman a jihar da ke fama da yaran da ba sa zuwa makaranta. Wannan magana tana da nauyi. Amsarta ita ce, tsanin da ke kai mutum ɗaya NBA shi ne ke kai ɗaruruwa matakan da ke ƙasa: gurbin karatu a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere, wasa a gasar jami'o'i ta NUGA, kwantiragi a BAL ko Turai, aikin horarwa ko alƙalanci. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya koyi wasan a can, bai taɓa buga NBA ba. Da farautar 'yan wasa ya fara, har ya zama shugaban Toronto Raptors da ta ci kofin 2019.

Abin da ke kan teburin Abuja

A Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya rushe Ma'aikatar Wasanni, ya maido da Hukumar Wasanni ta Ƙasa a ƙarƙashin Shehu Dikko. Hujjar sauyin ita ce a mai da wasanni sana'a mai kawo kuɗi. Idan da gaske ake, ma'aunin ba yawan lambobin yabon da tawagar da akasarinta haifaffun waje ne ta ciwo ba ne, duk da cewa nasarar D'Tigress ta kofin Afirka na biyar a jere a 2025 abin alfahari ce. Ma'aunin shi ne wasanni nawa ɗan shekara 16 a Gombe ya buga a shekara, a gaban alƙalin wasa mai lasisi, aka rubuta sakamakon.

Abubuwan da ake bukata ba masu tsada ba ne idan aka kwatanta da gina katafaren filin wasa. Na farko, jadawalin gasar maza da ta mata wanda ba ya canjawa da canjin shugabanni, tare da sharaɗin cewa duk ƙungiyar firimiya ta mallaki ta matasa. Na biyu, gasar sakandare ta shiyyar Arewa maso Gabas da za ta riƙa gudana duk zangon karatu, maimakon ta mako guda. Na uku, rumbun bayanai ɗaya na ƙasa mai ɗauke da suna da NIN da alƙaluman kowane matashin ɗan wasa, da bidiyon da wayar hannu ma za ta iya ɗauka. Na huɗu, rajistar dillalan 'yan wasa, domin inda babu hanyar hukuma, nan 'yan damfara ke karɓar kuɗin iyaye da alƙawarin gwaji a Turai.

Ita ma gwamnatin Jihar Gombe tana da nata kason: kula da filayen makarantu, biyan masu horarwa a kan kari, da riƙe Gombe Bulls a matsayin makomar yaran da ke tasowa. Amma jadawalin gasa, da rajistar shekaru, da sasanta hukumar NBBF, duk a Abuja ake yanke su, kuma a ofisoshin da ake rubuta kasafin kuɗin hukumar wasanni ne za a ga ko an ware musu layi ko an manta da su.

A watan Yuni za a kira sunayen matasa 60 a Amurka, wataƙila wasunsu da sunayen Najeriya. Kafin a aika saƙon taya murna, ya dace jami'in da zai sa hannu a takardar ya tambayi nawa ne daga cikinsu suka taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar da hukumarsa ke kula da ita.