Da Wane Harshe Ake Auna Jin Bahaushe?

A watan Oktoban 2024 ne ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoton da ya nuna cewa mutum miliyan 40 ne ke fama da matsalar ji a yankin, kuma adadin na iya kaiwa miliyan 54 a shekarar 2030. Alƙaluman sun isa abin damuwa, amma akwai tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu a nan Arewa: idan aka ce an auna jin Bahaushe, da wane ma'auni aka auna shi, kuma da wane harshe?

Gwajin da aka fi sani shi ne wanda ake sa wa mutum abin sauraro a kunne, a riƙa aika masa da sauti mai kama da fito, daga mai kauri zuwa siriri, wato daga mai kaɗawa sau 250 a daƙiƙa zuwa sau 8,000, shi kuma ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji. Wannan gwaji bai san ƙabila ba. Sai dai jin fito daban, fahimtar magana daban. Shi ya sa ake biyo shi da gwaji na biyu, inda ake karanta wa mutum kalmomi ya maimaita. To a nan gizo ke saƙar, domin jerin kalmomin da suka fi shahara a wannan fanni an tsara su ne da Ingilishi, harshen da hawa da saukar murya ba sa sauya ma'anar kalma a cikinsa.

Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti: akwai karin sama, akwai na ƙasa, akwai faɗau. Mai karatu ya furta "wuya" ta wahala da "wuya" na jiki, ko "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Baƙaƙen ɗaya ne, wasulan ɗaya ne, murya ce kurum ta raba su. Abin bai tsaya ga kalmomi ba, ya shiga nahawu. "Ya zo" da ke nufin mutum ya riga ya iso, da "ya zo" da ke nufin ana sa ran isowarsa, kari ne ya bambanta su. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna wannan, kunne ne ke ɗauke da nauyin baki ɗaya.

Abu biyu ke biyo baya. Na farko, raunin ji da tsufa ko hayaniya ke haddasawa yakan fara cin siraran sautuka ne, irin su s da sh da ts, alhali kari yana tafiya ne a kan kaurin murya, wanda ya fi daɗewa bai taɓu ba. Ke nan dattijo na iya dogaro da kari da tsawon wasali yana cankar abin da aka faɗa, iyalinsa na cewa taurin kai ne ko rashin kula, har matsalar ta yi nisa.

Na biyu ya shafi na'urar da ake dasawa cikin kunnen wanda ya kurmance sarai. Wayoyinta ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, a madadin dubban ƙwayoyin ji da ke cikin kunne, don haka ba ta isar da hawa da saukar murya yadda ya kamata. Binciken da aka yi a kan masu jin Sinanci, inda gaɓar "ma" ke iya nufin uwa ko doki gwargwadon kari, ya nuna cewa tantance kari na cikin abubuwan da suka fi ba masu na'urar wahala. Sinawa ba su naɗe hannu ba: sun tsara gwaje-gwajen magana da harsunansu, suka kuma sa tantance kari cikin abin da ake aunawa.

Mu ne muka fi kowa buƙatar yin haka. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, akasari a Arewa, kuma kurmancewa na daga cikin tabon da cutar ke bari. Ƙyanda na yin haka. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tsira daga zazzaɓin Lassa kan samu matsalar ji. Ga ƙarar janareto da injin niƙa da lasifikar biki, ga allurai irin su jentamaisin da ake yi barkatai a kemis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurmancewar yara ana iya kauce masa.

Saboda haka ya zama wajibi Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, ta zauna da asibitocin koyarwa da sassan nazarin harsuna na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, a fitar da daidaitaccen jerin kalmomin gwaji na Hausa da kowane asibiti zai yi aiki da shi. Fassara jerin Ingilishi ba za ta wadatar ba. Sai an zaɓo kalmomin da kowa ya sani, an daidaita baƙaƙensu da tsawon wasulansu da karinsu, an naɗi muryar mace da ta namiji, an kuma yi la'akari da bambancin furucin Bakano da na Basakkwace. Likita bai karanci wannan ba, masanin harshe kuma bai san cikin kunne ba; hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gwamnatocin jihohi su ma da nasu aikin. Ƙa'idar da masana suka amince da ita ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6, domin a shekarun farko ne yaro ke ɗaukar karin harshen uwa. Ranar rigakafi, da iyaye mata ke taruwa da jariransu, dama ce ta yin wannan gwaji. Yaron da aka gano matsalarsa sai bayan ya shiga firamare, an riga an ci shi bashin da zai yi wuyar biya.