Hirar Bayan Kallo

 

A wannan wata za mu yi magana a kan wani baƙo da ya shiga gidajenmu ba sallama, wato fim. Dā sai mutum ya yi wanka, ya sa riga, ya biya kuɗin ƙofa kafin ya ga fim a gidan silima. Daga baya talabijin ta zo, kaset ya biyo ta, faifai ya biyo kaset. Yau kuwa fim yana cikin aljihu. Yaro yana kwance a ɗaki da waya a hannu, shi kaɗai, ba wanda ya san abin da ya gani, ba kuma wanda zai tambaye shi. Waɗansu iyaye sun hana kallo sam sam, yaran kuwa suna yi a ɓoye. Waɗansu sun gaji, sun zuba ido. Mu abin da muke so mu jawo hankalinku a kai shi ne hirar da ake yi bayan an gama kallo, gama a cikinta ne mai kallo yake koyon rarrabe tsaba da tsakuwa. Domin mu ga yadda ake wannan hira da kyau, bari mu leƙa wata ƙasa inda waɗansu suka mai da ita sana'a.

Mutum biyu a gidan rediyo

A Ingila akwai waɗansu abokai biyu, Mark Kermode da Simon Mayo. Daga shekarar 2001 har zuwa 2022 sun yi wani shiri a tashar BBC Radio 5 Live, kowace Jumma'a da rana, ba abin da suke yi a ciki sai hira a kan finafinai. Kermode shi ne masanin. Ya yi digirin dakta a Jami'ar Manchesta, aikinsa kuwa shi ne ya kalli sababbin finafinai kowane mako ya faɗi abin da ya gani. Mayo tsohon ma'aikacin rediyo ne. Shi yake riƙe da akalar shirin, shi yake karanta wasiƙun masu sauraro, shi yake hira da 'yan wasa da darektoci. Idan Kermode ya yi nisa cikin dogon Turanci, sai Mayo ya jawo shi baya da irin tambayar da mutumin kan titi zai yi.

A 2005 aka fara ajiye shirin a intanet a matsayin fodkas. Ga waɗanda ba su saba da kalmar ba, fodkas shiri ne na murya kamar na rediyo, sai dai ba ya wucewa. Mutum yakan sauke shi a wayarsa, ya saurara sa'ad da ya ga dama, ko a mota, ko yana wanki, ko yana kwance a asibiti. Kalmar kanta ba ta daɗe ba, wani ɗan jarida mai suna Ben Hammersley ne ya fara rubuta ta a jaridar Guardian a 2004. Da shirin ya zama fodkas sai ya haye teku, wasiƙu suka riƙa zuwa daga ƙasashe masu nisa. A watan Afrilu na 2022 mutanen biyu suka bar BBC, a watan Mayu kuma suka buɗe fodkas na kansu mai suna Kermode and Mayo's Take.

Ba su ne suka fara irin wannan hira ba. A birnin Shikago na Amurka, tun 1975, Gene Siskel na jaridar Chicago Tribune da Roger Ebert na jaridar Chicago Sun-Times suka fara zama gaban talabijin suna gardama a kan finafinai. Jaridunsu kishiyoyin juna ne, su ma haka suke. Fim in ya yi musu kyau sai su ɗaga babban yatsa sama, in bai yi ba su juya shi ƙasa. Sun yi ta yi har Siskel ya rasu a 1999. Abin da Kermode da Mayo suka ƙara shi ne sun buɗe wa mai sauraro ƙofa ya shigo cikin hirar.

Yadda suke yi

Sukan fara da jerin finafinai goma da suka fi samun masu kallo a Birtaniya a wannan mako. A kan kowane fim Kermode zai faɗi nasa a taƙaice, sa'an nan Mayo ya karanta wasiƙun waɗanda suka biya kuɗinsu suka je suka gani. Sau da yawa wasiƙar takan ce masanin bai fahimci fim ɗin ba, a karanta ta kuwa a gabansa, duniya tana ji. Bayan haka sai hira da baƙo, sai sharhin sababbin finafinai, a ƙarshe a zaɓi gwarzon mako. Da muka duba wannan tsari mun ga abu huɗu da suka sa hirarsu ta yi armashi har shekara ashirin da ɗoriya.

Na fari, sai an gani ake magana. Gani ya kori ji. Wanda bai kalli fim ba, maganarsa a kai jita-jita ce. Wannan ya shafe mu iyaye ƙwarai. Idan uba ya ce wa ɗansa fim kaza ba shi da kyau, ɗan kuwa ya san uban bai taɓa ganinsa ba, maganar ba za ta shiga ba. Yaro zai yi shiru don ladabi, amma a zuciyarsa ya riga ya yanke cewa Baba bai san abin da yake faɗi ba.

Na biyu, ana kawo dalili. Cewa "ya yi daɗi" ko "bai yi daɗi ba" ba ta isa ba, sai an faɗi abin da ya sa. Kermode yana da wani ma'auni mai sauƙi da yake auna finafinan ban dariya da shi: fim in ya ce shi na ban dariya ne, to, ya sa mutum dariya sau shida aƙalla. Da wasa yake faɗa, amma akwai hikima a ciki. Wato a auna abu da alkawarin da shi kansa ya yi. Fim ɗin da ya ce tarihi yake bayarwa, a tambaye shi gaskiya. Wanda ya ce na yara ne, a tambaye shi ko ya dace da yara. An kuma san Kermode da faɗa mai zafi idan fim ya ɓata masa rai, musamman wanda yake ɗaukaka dukiya da almubazzaranci, ko wanda yake nuna mace kamar kayan talla. Amma ko cikin faɗan yakan nuna wurin da abin ya lalace, ɗaya bayan ɗaya.

Na uku, saɓanin ra'ayi ba gaba ba ne, kuma sake ra'ayi ba abin kunya ba ne. A 2001 Steven Spielberg ya fito da fim mai suna A.I., labarin wani yaro mutum-mutumi da aka ƙera shi domin ya ƙaunaci uwar da ta ɗauke shi, daga baya ta yar da shi a daji. Kermode ya kushe fim ɗin sa'ad da ya fito. Da shekaru suka wuce ya sāke kallo, ya ga abin da bai gani ba dā. A 2013 kuwa, da ya sami zama da Spielberg, ya ba shi haƙuri a fili. Haka ma Siskel, a 1996, yana cikin shiri ya saurari hujjar Ebert a kan fim ɗin Broken Arrow, nan take ya juya yatsansa daga sama zuwa ƙasa. Yaron da ya ga manya suna gardama ba zagi, ya ga babba ya ce "ka fi ni gaskiya," ya koyi darasin da ya fi fim ɗin kansa daraja.

Na huɗu, akwai ladabi. Ba sa tona ƙarshen labari ga wanda bai gani ba, gama yin haka kamar cinye wa mutum tuwonsa ne a bar shi da kwano. A 2010 ma, da taimakon masu sauraro, suka tsara dokoki goma na zaman gidan silima. A ciki akwai hana surutu, da hana taɓa waya, da hana harbin kujerar na gaba, da hana zuwa a makare, da hana cin abu mai ƙara, har da hana tuɓe takalmi. Ɗaya daga cikin dokokin kuwa a kan iyaye take: kada a kawo ƙaramin yaro fim ɗin da ya fi ƙarfinsa, a mai da silima mai reno.

Abin da ya riƙe mutane

Masu sauraron shirin sun zama kamar dangi. Suna da barkwancinsu da baƙo ba zai gane ba. Kowane mako, alal misali, sai an gai da ɗan wasan nan Jason Isaacs, wanda suka yi makaranta ɗaya da Kermode, ko yana cikin labarin makon ko ba ya ciki. Har da wasa sukan kira kansu ikkilisiya. Mun san wasa ne, amma ya nuna yadda ɗan Adam yake da yunwar zumunta. A 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe gidajen silima, shirin bai tsaya ba. Kowannensu ya zauna a gidansa suka ci gaba, suna hira a kan finafinan da za a iya gani a gida. Mutane kuwa suka yi ta rubuto musu labarin rashin lafiya, da rashi, da haihuwa, da aure. Ashe fim ƙofa ce kawai. Mutum yakan fara da labarin wani a allon silima, kafin ya ankara ya shiga ba da nasa.

Sai dai mu yi hattara. Ba mu ce duk abin da waɗannan mutane suka yaba ya dace da gidajenmu ba. Fim ɗin da Kermode ya fi so a duniya shi ne The Exorcist na 1973, fim mai ban tsoro ƙwarai, wanda ko a Birtaniya sai mai shekara 18 ake bari ya gani. Al'adarsu dabam, tamu dabam. Hanyar hirar muke so mu ara. Hukunci kuwa, kowane gida shi zai yanke nasa.

A gidajenmu fa?

Hirar fim ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa zama a majalisa ko a teburin mai shayi ya ji yadda ake ba da labarin fim ɗin Indiya daga farko har ƙarshe, har da kwaikwayon murya. Finafinan Hausa na bidiyo sun fara da Turmin Danya a Kano a 1990, a 1999 kuma Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim domin masu son labarinsu. Mu malamai muna ganin haka a makaranta kowace rana. Yaron da ba ya iya tuna darasin jiya yakan ba abokansa labarin fim na sa'a biyu a lokacin tara, ba ya tsallake ko ɗaya. Amma tambaye shi me ya sa jarumin ya yi abin da ya yi, ko daidai ne ko ba daidai ba, sai ya yi tsit. Ba da labari ya iya. Auna labari ne ba a koya masa ba, wannan kuwa aikin gida ne kafin ya zama na makaranta.

Ga shawararmu. Ko sau ɗaya a mako, iyali su kalli fim ɗaya tare. Baba ko Mama su fara dubawa tukuna. Finafinan waje da yawa suna ɗauke da alamar shekaru. Ta Birtaniya ita ce U ga kowa da kowa, PG ga wanda iyaye za su lura, 12A ga wanda ɗan ƙasa da shekara 12 ba zai shiga ba sai da babba, sa'an nan 15 da 18. Alamar taimako ce kawai, ba ta ɗauke wa iyaye nasu duban ba.

In an gama kallo kada a watse nan da nan. A ajiye wayoyi, a zauna ko na minti goma sha biyar. A bar ƙaramin gida ya fara magana, gama in Baba ya riga faɗin nasa, sauran amin kawai za su ce. A yi tambayoyi masu sauƙi. Wane ne ya fi ba ka tausayi, me ya sa? Wa ya yi ƙarya, me ƙaryar ta jawo? Wanda ya rama mugunta, ya sami salama a ƙarshe? Ina suka sami kuɗin da suke kashewa, an nuna mana suna aiki? Da kai ne a wurin, me za ka yi? In yarinya ta ce ita mugun ne ya burge ta, kada a tsawata mata. A tambaye ta dalili, a saurara har ta kai aya. Wataƙila ta lura da abin da manya ba su lura da shi ba. Wataƙila kuma ta buɗe mana wani abu da yake damunta, wanda ba za ta taɓa faɗa kai tsaye ba.

Kada kuma hirar ta zama wa'azi kowane dare, yara za su gudu. Wani fim ɗin dariya ce kawai, a yi dariyar tare, a ƙirga ko ta kai shida.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba za mu iya tsayawa a bayan 'ya'yanmu duk sa'ad da suka ɗauki waya ba. Wata rana za su tafi makarantar kwana, ko birni, ko wata ƙasa, su kalli abin da ba za mu taɓa sani ba. Abin da za su tafi da shi shi ne tambayoyin da suka saba ji a tsakar gida. Yaron da ya saba a tambaye shi "me ya sa?" zai riƙa tambayar kansa ko ba kowa kusa.

Muna roƙon iyalan da suka gwada wannan su rubuto mana yadda ta kaya, da sunan fim ɗin, da abin da yaran suka ce. Wanda bai yarda da mu ba shi ma ya rubuto, za mu karanta da murna. Allah ya ba mu hikimar renon 'ya'yanmu. Sai wata mai zuwa.