Kishin kasa? Wace kasar?

Bari in fara da abin da ya tunzura ni. Hutun da ya wuce na je gida Dogon Dutsi, sai ɗan ƙanen babana, wanda ya koyi zane a wayar salula har ya fara samun aikin katin biki da allunan shaguna, ya jawo ni gefe yana murmushi. "Yaya, zo ka ga tambarina." Na duba. Sunansa da Turanci, an liƙa masa wata kalma mai nufin gwani. A tsakiya mace ce riƙe da mashi, wai Sarauniyar Lugu. A ƙasa kuma an rubuta da manyan baƙaƙe: KISHIN KASA.

Na ce masa, kai, wace kasar? Macijiyar nan mai gajeren jiki da ke kwance cikin yashi, ko kuwa kasawa kake kishi? Ya yi dariya. "Haba Yaya, ai kowa ya gane. Salon rubutun da nika so ne ba shi da mai ƙugiyar."

Wannan "kowa ya gane" ita ce cutar, kuma ba shi kaɗai ta kama ba. Ku bi titin Dogon Dutsi ko kasuwar Tibiri ku karanta alluna. Ɗaki ya koma daki, ƙofa ta koma kofa. Bari da ɓari kuwa, a tambayi mace mai ciki ko abu guda ne. A darasin farko na kimiyyar harshe ake koya mana cewa ƙ da k sautuka biyu ne masu raba ma'ana, kamar yadda b da p suke a Faransanci. Wane mai zane ne zai rubuta allon Faransanci ya musanya su, ya ce ai kowa ya gane? Ko ɗan ɗigon saman e ya manta, mai shago sai ya sa ya sake allon da kuɗin aljihunsa. Hausa ce kawai ake yi wa aikin ganin dama.

Kuma hujjar rashin baƙaƙe ta daɗe da mutuwa. Tun taron Bamako na 1966 ake zama kan daidaita rubutun harsunanmu. A 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ɗinmu, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke rubutawa 'y. Dukkansu suna cikin Unicode. Akwai salon rubutu irin su Noto da Andika da ake saukewa kyauta, kuma suna ɗauke da su cif. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. To me ya rage? Lalaci, da kuma wata kunya da ba mu son faɗin sunanta.

Sai batun matar mai mashi, wanda ya fi ci mini rai, domin kakata ta wajen uwa daga yankin Lugu take. Gaskiya ne a watan Afrilu na 1899 Sarauniya Mangu da mutanenta sun ƙi miƙa wuya ga rundunar Voulet da Chanoine, aka ƙone garin. Amma siffar da ƙanena ya kwafo ba daga Lugu ta fito ba. Daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980 take, da fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma ƴar Burkina, Aï Keïta, ta fito a matsayin Sarauniya. Ban raina fim ɗin ba, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Sai dai Sarauniya sarauta ce da har yau ake gadonta a Lugu, kuma mai riƙe da ita ba yawo take da makami ba, zaman ɗaki take, da al'adunta da haninta. Yaron bai taɓa taka garin ba. Ya ɗauki hoton da intanet ta miƙo masa ya ɗora bisa lambar wayarsa, don a kira shi aikin katin suna. In wannan ne girmamawa, to ban san me ake kira talla ba.

Na san abin da za ku ce, shi ma ya faɗa. Ciki ba ya jiran ƙa'idar rubutu. Mai kantin magani da ƙungiyoyin agaji Faransanci suke so, kuma su ke biya. Na yarda, a yi musu abin da suka saya. Amma tambarinka ba aikin kwangila ba ne, shi ne wuri guda da babu mai ba ka umarni. Kuma ko ta fuskar kasuwa a auna: masu sunan Turanci da kalmar gwani sun cika WhatsApp, daga Yamai har Kano, ba ka bambance wannan da wancan. Mai zanen da aka san ba ya kuskuren rubutun Hausa, wanda zai iya jera boko da ajami a allo guda don tsohon da ya yi makarantar allo ya karanta da kansa, su nawa ne a duk Arewa? Kakanninmu Arawa sun san wannan tun kafin kwamfuta. Tsagar da ke kumatunsu, daga gefen baki zuwa kunne, ko a tsakiyar baƙuwar kasuwa ba a tambayar mai ita daga ina yake.

Ba na cewa a koma tsaga. Cewa nake abin da ke bambanta ka shi ne tambari, kuma ƙanena ya goge nasa da hannunsa.

Mako biyu bayan na koma jami'a ya turo mini sabo. Ƙ ta dawo, da ƙugiyarta, har ya ƙara mata tsawo ta zama ita ce adon tambarin, kuma wallahi ta yi kyau. Matar da mashinta suna nan. Ya rubuto: "Yaya, ka saka mini a shafinka." Na ce sai mun je Lugu tare, ya tambayi masu abin. Har yanzu bai amsa ba.